Marigayi Alhaji Mamman Shata: Mawaƙin Da Ya Fi Ƙarfin Faifai Ɗaya

Duk wanda ya ratsa ta tashar mota a Dutse, ko ya shiga kasuwar Shuwarin, ko ya zauna a teburin mai shayi a Kiyawa ko Birnin Kudu, da wuya ya tashi bai ji amon kalangu da muryar Alhaji Mamman Shata suna fitowa daga wani akwatin rediyo ko wayar hannu ba. Tun cikin shekarar 1999 Allah Ya yi masa rasuwa, amma har yanzu direba da tela da ma'aikacin ofis ba su rabu da shi ba, har ma da samarin da aka haifa bayan ya kwanta dama.

Sai dai kuma in mutum ya kasa kunne sosai zai lura cewa waƙoƙin nan da ake ta juyawa ba su da yawa. Bakandamiya ce, da Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, da Magaji Mai Ido Ɗaya, da Mamman Da, da Gagarabadau, da Hassan Sarkin Dogarai, da waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, sai waɗansu 'yan kaɗan irinsu. Su ne masu sayar da kaset suka riƙa harhaɗawa wuri ɗaya a da, su ne kuma masu tura waƙoƙi a waya suke zuba wa jama'a a yau. Alhali kuwa mutumin da ya yi su ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, har shi kansa bai iya faɗin adadin waƙoƙinsa ba. Saboda haka tarihin Shata labari biyu ne a haɗe. Akwai labarin yaron ƙauye wanda muryarsa ta game ƙasar Hausa, akwai kuma labarin yadda rediyo da faifai da kaset suka tsamo ɗan kaɗan daga cikin aikinsa suka adana, saura kuwa ya bi iska.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, Bafulatana ce. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, wannan kuwa babban al'amari ne a ƙasar Hausa ta wancan zamani, domin kiɗa gado ne kamar ƙira da jima da wanzanci. Ɗan makaɗi shi ke ɗaukar ganga, wanda bai gada ba kuwa in ya shiga sai a ce ya zubar da mutuncin gidansu. Mahaifin Shata yana cikin masu wannan ra'ayi. A wurinsa waƙa roƙo ce, abin da yake so ɗansa ya kama kuwa shi ne noma ko fatauci.

An sa yaron makarantar allo kamar sauran tsaransa. Da ya ɗan tasa sai ya shiga tallar goro, daga baya kuma ya sayar da alewa. A nan ne halinsa na sakin hannu ya fara bayyana, domin yakan rarraba ribar da ya samu ga mutanen da ya tarar a kasuwa ko a hanya, ya komo gida hannu rabbana. Wannan hali ne ya sa wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Mai-shata, watau mai watsar da abin hannunsa. Da tafiya ta yi tafiya sunan ya taƙaita ya zama Shata, ya kuma danne sunan yanka.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, inda samari da 'yan mata suke taruwa bayan an ci tuwon dare. Ya shiga kiɗan asauwara tare da abokansa don nishaɗi kawai, ba don neman kuɗi ba. Ba a daɗe ba ya zarce tsaransa wajen zaƙin murya da saurin tsara magana, har aka fara gayyatarsa ƙauyukan da ke kewaye da Musawa. Faɗan mahaifi bai hana ba. A ƙarshe ya ajiye talla ya rungumi waƙa ta zama sana'arsa.

Daga Musawa Zuwa Funtuwa

Kowane mawaƙin Hausa yana bukatar ubangida, na Shata na farko kuwa shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e a Bakori yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Shi ya nemi Shata ya dawo Bakori da zama. Wannan ƙaura ta buɗe masa ido, domin yankin Bakori ƙasar auduga ce, da kaka kuɗi yana shiga hannun manoma da 'yan baranda da malaman awo, inda kuɗi yake kuwa nan ake biki, nan ake neman makaɗi.

Daga Bakori ya riƙa fita da ƙungiyarsa zuwa Katsina da sauran garuruwa, ya kuma fara shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940. A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani ƙasaitaccen biki a birnin wanda ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta wajen goma sha biyu suka yi aure. Shata ya yi wasa a wannan biki, daga nan kuma sunansa ya fita. A lokacin Dutse tana gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano, saboda haka abin da ya yi tashe a birni ba ya daɗewa sai hakimai da fatake da direbobi sun kai labarinsa gabas.

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya koma Funtuwa. Garin yana da tashar jirgin ƙasa da injin gurzar auduga, kuma mahaɗa ce ta hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina. Mawaƙin da rayuwarsa take kan hanya ba zai sami mazauni da ya fi wannan ba. A Funtuwa ya zauna kusan shekara arba'in, har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake yana da gidaje a Kano da waɗansu garuruwa. Yawon waƙa ya kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke zaune, ya kai shi Ingila da Amurka, ya kuma sauke faralin aikin Hajji.

Kalangu Da Salon Waƙarsa

Makaɗan fada suna da kayan kiɗansu na musamman. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso aka san su, Sarkin Taushin Katsina kuwa da taushi. Shata da kalangu ya fito, watau gangar da aka fi sani da mahauta da wasan 'yan mata a dandali. Ganga ce mai tsukakken ciki da baki biyu, an ɗaure fatunta da tsarkiya. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa, ya matse tsarkiyar da hammata ko ya sassauta, sai amon ya hau ko ya sauka kamar yadda muryar mai magana da Hausa take yi. Shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Shata ya ɗauki wannan ganga ta talakawa ya shigar da ita gaban sarakuna da attajirai da gwamnoni, bai kuma zama makaɗin fadar kowa shi kaɗai ba. Yau yana gaban sarki, gobe yana wurin bikin direbobi.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne a ido. 'Yan amshi suna riƙe da gajeren amshi guda suna maimaitawa, makaɗa suna riƙe da kiɗa, shi kuwa yana zuba baituka a kai yadda ya ga dama. Bai rubuta waƙa ba, ba ya kuma zama ya shirya ta kafin a shiga fage. Abin da ya gani a wurin, da wanda ya shigo, da kyautar da aka yi, da labarin da ya ji a hanya, duk sai su faɗa cikin waƙar nan take. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa yana kirari, ya rera ta a wurare da yawa cikin shekaru da yawa, kowane zubi kuwa da abin da ya ƙunsa wanda babu shi a ɗan'uwansa. Amshin ne kaɗai yake zaune daram.

Wannan batu yana da muhimmanci ga duk mai son ya fahimci abin da ke cikin kaset ɗinsa. Waƙar Shata da mutum ya haddace tun yana yaro, har yake jin ita ce waƙar, zubi ɗaya ne na rana ɗaya, wanda aka yi sa'a akwai na'urar ɗaukar magana a wurin.

Zuwan Rediyo Da Faifai

Shata ya yi sa'ar zamani. Mawaƙan da suka riga shi, in sun mutu muryarsu ta mutu tare da su, sai dai abin da almajiransu suka riƙe da ka. Shi kuwa tashensa ya zo daidai da zuwan rediyo. Tun cikin shekarun 1940 aka fara sa akwatunan rediyo masu waya a Kano, a gidaje da wuraren taruwar jama'a. A shekarar 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Tashar tana watsa shirye-shirye a kan gajeren zango, saboda haka ana kama ta har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. A daidai wannan lokaci kuma ƙananan rediyo masu batir suka yawaita suka yi araha, har manomi yana rataye tasa a gona, makiyayi yana tafe da tasa a bayan shanu. A ƙarshen shekarun 1970 gidan ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, amma jama'a ba su daina kiransa Rediyon Kaduna ba.

Shirin da ya fi ɗaukaka mawaƙa shi ne na gaishe-gaishe, watau Zaɓi Sonka, inda mai sauraro yake aiko da kati ya gai da 'yan'uwa da abokai, sa'an nan ya zaɓi waƙar da za a sa musu. A nan ne aka fara tace waƙoƙin Shata ba tare da kowa ya yi niyya ba. Waƙar da aka sa yau, ita mutane suka ji, ita kuma za su nema gobe. Wadda ke kusa da hannun mai gabatar da shiri, mai sauti tangaram, mai tsawon da zai shiga cikin lokacin da aka ba shi, ita ce take fita. Wadda aka ɗauka a wurin biki cikin hayaniya, ko wadda ta yi tsawo, ko wadda take ɗauke da zambo mai zafi ga wani mai faɗa a ji, sai ta zauna a kan kanta.

Faifai ma da nasa sharaɗin. Faifan garmaho na farko minti uku ne ko ɗan fiye a kowane gefe. Babban faifai da ya zo daga baya, irin wanda kamfanin EMI ya buga wa Shata, yana ɗaukar kimanin minti ashirin a gefe guda. Mawaƙin da ya saba raba dare yana wasa, dole ya datse waƙarsa ta yi daidai da faɗin faifan. Sa'an nan sai ga kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a shekarar 1963, ya kuma cika kasuwannin Arewa cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rikoda ta shiga gidaje da motocin haya. Duk mai rikoda biyu yana iya kwafa. Masu sayar da kaset a kasuwanni da tashoshin mota suka riƙa tsamo waƙa daga faifai, su tsamo wata daga rediyo, su haɗa waɗanda aka fi tambaya a kaset ɗaya, su rubuta sunan Shata a jiki da biro.

Zaɓaɓɓun Waƙoƙi

Wannan al'ada ta tara fitattun waƙoƙin mawaƙi wuri ɗaya sananniya ce a ƙasashen Turai da Amurka, can kuwa kamfanoni ne suke yin ta da lissafi. Misalin da ya fi shahara shi ne na wata ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira Eagles, masu kiɗan jita mai taushi irin wanda gidajen rediyo suke so. A shekarar 1976 kamfaninsu ya tsamo waƙoƙi goma daga fayafayansu huɗu na farko, na tsakanin 1972 da 1975, ya buga su a faifai ɗaya. Faifan ya yi kasuwar da ta wuce ta iyayensa nesa ba kusa ba, har a shekarar 2018 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta tabbatar cinikinsa ya kai kwafi miliyan 38 a ƙasar kaɗai. Miliyoyin mutane ba su san ƙungiyar ba sai ta waɗannan waƙoƙi goma.

Abin da ya sami Shata ya yi kama da wannan ta fuska ɗaya, ya kuma saɓa ta fuska biyu. Kamar su Eagles, yawancin masu sauraronsa a yau ta 'yan zaɓaɓɓun waƙoƙi suka san shi. Amma su can, kowane kwafi da aka sayar akwai rabon mawaƙa a ciki, shi kuwa kaset ɗin da aka kwafa a tasha bai kawo masa ko kwabo ba. Arzikinsa a fage ya same shi, daga kyautar kuɗi da riguna da dawaki da motoci da iyayen gidansa suka riƙa yi masa. Dokar kare haƙƙin mallaka da Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1988 ta zo ne bayan kaset ya riga ya gama gari. Na biyu kuma, wanda ya fi ciwo, su can asalin fayafayan suna nan a ajiye a ɗakin kamfani, duk wanda ya so jin sauran waƙoƙin zai samu. Shata kuwa mafi yawan wasanninsa ba a ɗauka ba sam, waɗanda aka ɗauka kuma da yawa kwafi ɗaya ne tak, a ɗakin ajiyar gidan rediyo ko a akwatin wani mai biki.

Duk da haka ba za a raina zaɓen da jama'a suka yi ba. Waƙoƙin da suka tsira sun tsira ne don suna da abin da ke riƙe kunne, watau amshi mai sauƙin kamawa, da kiɗa mai motsa jiki, da Hausa mai nauyi. Masu aiko da kati da masu tsayawa gaban mai kaset ba su yi karatun adabi ba, amma kunnensu bai yaudare su ba.

Abin Da Zaɓen Ya Bari A Baya

Illar taƙaitawa ita ce takan mai da mutum mai fuska da yawa ya zama mai fuska ɗaya. Wanda ya san Shata ta waƙoƙin sarakuna da attajirai kaɗai zai ɗauka maroƙin manya ne kawai. Alhali ya yi wa direbobi waƙa, ya yi wa mata, ya yi wa 'yan kasuwa da manoma da ma'aikata. Ya yi waƙa a kan dabbobi da garuruwa da abubuwan da ya gani a tafiye-tafiyensa. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata cikin Yulin 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, ya kai labarin ga mutanen da ba sa karanta jarida. Hukumomi kuma sun riƙa neman muryarsa in suna son saƙo ya isa karkara.

Haka nan mutum ɗaya ne ya yi Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, wadda ake sawa a rediyo da natsuwa, ya kuma yi Sha Ruwa, wadda ta jawo masa suka daga malamai da dattawa. Shi ya yi yabo mai sa ubangida ya kyautar da abin da bai yi niyya ba, shi ya yi zambo irin na Gagarabadau wanda ya sa manya suke shakkar ɓata masa rai. Akwai ma waƙoƙin da suke tsakiya, irin ta Amadun Gaya, mutumin garin da ke maƙwabtaka da Dutse, wadda masu sauraro suka daɗe suna gardama ko godiya ce tsantsa ko habaici ne aka naɗe da godiya. Tsakaninsa da waɗansu mawaƙan zamaninsa, irin su Amadu Doka, an yi saɓani har ya fito cikin waƙa.

Siyasa ma bai tsaya a bakin fage ba. A cikin shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, sai dai bai gama wa'adinsa ba aka tsige shi, bayan ya sami saɓani da manyan jam'iyyar a Jihar Katsina. Mutum ne wanda yake cin abinci a hannun masu mulki da masu kuɗi, amma bai yarda sun mallaki bakinsa ba.

Girmamawa Da Nazari

Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa ya rayu har ya ga masana suna rubuta littattafai a kansa. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama Shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazarin matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, Shata kuwa shi ne abin misalinsa. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, tun daga nan ake kiransa Dakta. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, ƙungiyar mawaƙan Nijeriya ma ta karrama shi. Bayan rasuwarsa, a shekarar 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, sa'an nan Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙinsa da mutanen da aka yi wa su. Irin wannan aiki ne ya nuna yawan abin da ke warwatse a hannun jama'a wanda ba ya cikin kaset ɗin kasuwa.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da doguwar jinya, aka kwantar da shi a Kano, aka kuma kai shi Jidda a ƙasar Saudiyya inda aka yi masa aiki. Ya ɗan sami sauƙi, daga baya ciwon ya komo. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Jumma'a, 18 ga watan Yuni na 1999, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya zauna ba. A Daura aka rufe shi bisa ga wasiyyarsa, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya halarci jana'izar da kansa. Sarkin ya rasu a shekarar 2007, amma waƙar da Shata ya yi masa tana cikin waɗanda ba a fasa sawa ba har gobe.

Abin Da Ya Rage

Zaren kaset da na manyan na'urorin gidan rediyo ba dawwamamme ba ne. Zafi da laima da ƙura suna cin sa a hankali, har ya manne ko sautin ya dushe, injunan da ake juya shi da su kuwa sai ƙara wuyar samu suke yi. Dattawan da suka halarci wasannin Shata, waɗanda za su iya faɗin ranar da aka yi waƙa kaza da dalilin yin ta da ko wane ne aka ambata a ciki, su ma kullum raguwa suke yi. Zaɓaɓɓun waƙoƙin ba abin da zai same su, domin suna cikin dubban wayoyi da intanet. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na kwafi ɗaya.

Shata ya yi shekaru yana yawon biki a faɗin tsohuwar Jihar Kano, wadda daga cikinta aka cire Jigawa ranar 27 ga Agusta na 1991, aka mai da Dutse babban birninta. A zamanin rikoda, mai biki yakan ɗauki wasan da aka yi a ƙofar gidansa ya ajiye. Irin waɗannan tsofaffin kaset, na Shata da na sauran mawaƙa irin su Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, su ne magada sukan zubar in suna gyaran ɗaki, don ba su ga amfaninsu ba. Ga shi kuwa yanzu jihar tana da gidan rediyonta, tana da Jami'ar Tarayya a Dutse wadda aka kafa a shekarar 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilmi a Gumel. Ɗalibin Hausa ko na tarihi da ke neman abin nazari, in ya bi gidajen Dutse da Jahun da Ringim da Birnin Kudu ya karɓi aron kaset, ya juye sautin a kwamfuta, ya rubuta wuri da shekara da sunan mai biki daga bakin waɗanda suka gani, ya yi aikin da ba za a iya yi ba nan da shekara ashirin. Ma'aikatan da ke riƙe da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da hukumomin al'adu su ma amanar tana wuyansu.

An sa masa suna Shata ne don ba ya riƙe abin hannunsa, haka kuma ya yi da waƙoƙinsa, ya watsa su a dandali da fada da tasha bai ajiye lissafi ba. Tattarawa aikin na baya ne. Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa.